Kwantiragin Zahar Pestov

Ranar Litinin jaridar garin ta fito da hoton Zahar Pestov kwance rub da ciki a kan ƙanƙarar filin wasan hoki, sandarsa can gefe, faifan wasa kuma a cikin raga. A ƙarƙashin hoton, marubucin nan mai kiran kansa Ɗan Kallo ya rubuta: "Firjin kakata ya fi mutumin nan saurin juyawa, kuma shi firjin ba ya karɓar albashi."

Zahar ya karanta a ɗakin canza kaya, yana naɗe gwiwarsa ta hagu. Ya ninke jaridar ya jefa a jaka.

Shekararsa talatin da takwas, ashirin daga ciki yana tsaron baya a wasan hoki. Ya yi shekara uku a Kanada, inda ya baro haƙora huɗu, sannan ya dawo gida, yankin Ural na Rasha, ya zauna a kulob ɗin masana'antar bututu. A da ba mai wuce shi. Yanzu 'yan shekara sha tara suna kewaye shi kamar dasa shi aka yi. Duk da haka abokan wasa na son sa. Shi ke raba faɗa, shi ke tsara wa kowa jawabin biki ko na ban kwana, don ya iya jera magana. Bai san wata rayuwa ba sai ta ƙanƙara, ga shi kwantiraginsa zai ƙare ranar Juma'a, koci Rudakov kuma ya riga ya samo wanda zai gaje shi.

Mai kulob ɗin, Lev Borisovich Gurin, mutum ne da ba a ba shi shawara. In likita ya ce ya rage gishiri, ƙarawa yake yi. A duniya kuwa babu wanda ya tsana kamar Ɗan Kallo, tun ranar da ya buɗe shafinsa, shekara biyar da suka wuce, da cewa mutum-mutumin Gurin da ke ƙofar filin wasa ya fi mai shi sanin hoki.

Gurin ya tura lauya wurin edita. Edita ya rantse shi ma bai taɓa ganin mutumin ba, rubutun ta imel yake shigowa. Aka binciki direban bas, da mai tausa, da mai wasa kaifin takalman zamiya a ƙanƙara, domin marubucin ya san abubuwan da ba sa fita daga ɗakin canza kaya. Har Zahar aka ɗora wa aikin sa ido, tunda shi ya fi kowa shan zagi. Ya yi wata biyu yana sa ido, ya dawo ya ce bai ga kowa ba.

Ranar Laraba Ɗan Kallo ya sake fitowa, da layi biyu kacal: "Na faɗa wa Gurin ya sallami Pestov. Bana zai bi maganata, don har koci ya gane ni ke da gaskiya."

Ranar Alhamis da hantsi Gurin ya kira koci da Zahar ofis. Jaridar na kan tebur, an ja layi a ƙarƙashin "zai bi maganata" har biro ya huda takardar.

Rudakov ya fara magana. "Lev Borisovich, ni ma ba son mutumin nan nake ba, amma wannan karon ya faɗi gaskiya. Zahar ɗan'uwana ne, sai dai ƙafa ta tafi."

"Au, bakinku ɗaya ke nan, kai da shi?"

"Ba haka nake nufi ba."

Gurin ya juya ga Zahar. "Kai fa, tsoho? Me ka gani?"

Zahar ya dubi manyan hannuwansa. "Wataƙila lokaci ya yi, Lev Borisovich. Matata Zoya ma ta gaji, ko kanti ta shiga sai a yi ta ƙus-ƙus. In na tafi, ai mutumin ya samu abin da yake so, ya bar ku ku huta."

"Ya samu abin da yake so," Gurin ya maimaita a hankali. Wuyansa ya yi ja har kunne. "A kulob ɗina. Da kuɗin bututuna."

Ya jawo takardar sallamar da aka riga aka buga, ya yaga ta gida biyu, ya ce wa sakatariya ta kawo sabon kwantiragi.

"Shekara ɗaya?" ta tambaya.

"Biyu."

Rudakov ya buɗe baki. Gurin ya nuna shi da biro. "Ka ƙara kalma ɗaya, ta koma uku."

Zahar ya sa hannu, ya yi godiya a natse, ya fita yana ɗan ɗingishi.

Ya tarar da Zoya a kicin tana murza ƙullin pelmeni, 'yan ƙunshin fulawa masu nama a ciki. Ta ɗago gira. Ya ɗaga mata yatsu biyu.

"Mamarka ta bugo waya sau uku," ta ce, tana ci gaba da murzawa. "Kuka take yi. Ta ce ranar da ta kama Ɗan Kallo, da tukunya za ta fasa masa kai."

"Mama za ta iya," ya ce.

Ya zuba shayi, ya ɗora ƙafar hagu a kan kujera, ya ture gari gefe ya buɗe kwamfuta. Ya daɗe yana danne-danne da yatsu biyu masu kauri, can ya tsaya yana sosa haɓa.

"Zoya, tsohuwar tarakta ko gurgun doki, wanne zan kira kaina? Edita na jira kafin ƙarfe biyar."