Ƙotar da Hannuna Bai Cika Ba

Ina jin ina firamare a lokacin, ko da yake ba zan rantse ba. Bayan la'asar Baba ya kai ni wurin wani maƙeri a bakin layin dogo a Agege, a ƙera mini wuƙata ta farko, ta yankan nama. Mahauci ne Baba, kuma ni kaɗai ne ɗansa namiji.

Maƙerin ya sa mini guntun icce a tafi, ya ce in dunƙule, ya yi alama da gawayi inda hannuna ya ƙare. Baba ya karɓa, ya dunƙule nasa hannun, ya mayar da alamar can ƙasa, inda nasa hannun ya ƙare.

"Haba Alhaji," in ji maƙerin, "ƙota in ta fi hannu tsawo, wuyan hannu take duka."

"Bar ta haka. Hannunsa zai iske ta."

Har yau ina jin ƙaurin iccen nan da aka cusa masa jan ƙarfe.

Na gama jami'a, aiki bai samu ba. Da Baba ya rasu na tsaya a teburinsa da wuƙar. Nama ya yi ta zame mini, har ƙanen Baba ya ce, "Ɗana, je ka huta," ya ba wani teburin. Mai yiwuwa laifin ba na ƙotar ba ne.

Jiya na sake dunƙule ta. Na daina girma tuntuni, kuma har yanzu akwai sauran icce a ƙasan hannuna.