Hadarin Kwamfutar Barmo

Hadari Barmo ya gani a kwamfutarsa ta gwanjo, ya ce wa mutanen Gangara su yi shuka. Suka binne irin hatsinsu a busasshiyar ƙasa. Sama ta yi shiru.

Hankali tashe ya shiga saitin na'urar yana lalube. Ashe yanayin birnin Brusel na can ƙasar waje take nunawa, garin mai ita na farko. Ya mayar da ita Tanut, babban garin yankinsu. Ta nuna rana zalla, babu ko gajimare.

Ya nufi gidan Maigari don ba da haƙuri. Bai kai zaure ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Maigari ya tare shi da murmushi. "Malam Barmo, na'urar nan taka ba ta ƙarya. Kada ka bari kowa ya taɓa ta."