Ranar da Maginiya Ta Bi Ƙorama

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari da ke bakin tafki. Shekara talatin tana ɗibar yumɓu a gaɓar tafkin nan, don haka ita ta riga kowa ganin abin da ke tafe. Yumɓun da ta saba haƙowa mai danƙo sai ya koma baƙi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan ya yi kore-kore, kainuwa ta rufe rabinsa, masunta suka fara tsintar karfasa tana yawo ciki a sama. Kafin wata ya ƙare gudawa ta shiga gidaje, ta kwantar da jikokinta biyu. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, domin ta san rijiyoyin garin ƙafewa suke da bazara, kuma in sun ƙafe, mutum da dabba ba inda za su sa baki sai tafkin nan. Ga bazarar saura wata biyu.

Ta bi gida-gida tana magana, har mai unguwa ya sa aka yi shela, aka kira gayya. Ranar Asabar gari ya fito, masunta da kwalekwale, manoma da lauje da manjagara, mata da kwanduna. Suka janye kainuwa, suka kwashe ledoji da tsummokara, suka tara tsibi-tsibi suka cinna wuta. Bayan mako uku kainuwa ta dawo, warin ma ya fi na da. Aka sake gayya, aka kuma sakewa. A ta huɗu mutum tara kaɗai suka fito. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka yi fushi, wasu suka ce a daina wahalar banza. Maginiya ta koma gida ta buɗe randa, ta daɗe tana kallon ruwan da za ta ba jikokinta. Ta tace shi, ta tafasa shi sau biyu, sannan ta miƙa musu ƙoƙo.

Wani tsohon masunci cikin mutum taran nan ne ya ce mata su kullum bakin tafki suke ta gyara, alhali ruwan daga wani wuri yake zuwa. Washegari da safe suka ɗauki sanda su biyu, suka bi ƙoramar da ke shayar da tafkin suna hawa. Ba su yi nisa ba suka iske unguwar gabas ta mai da kwarin ƙorama juji. Gaba kaɗan masu noman rani na wanke tankin feshi a cikin ruwan, takin zamani na tsiyayowa daga fadamu. Gaba kuma majema sun yanka 'yar hanya daga ramukan jima zuwa ƙorama. Duk wanda suka yi wa magana sai ya ce ai nasa ɗan kaɗan ne, ruwa zai tafi da shi. Matar tana tafe tana tara masu laifi a zuciya, tana shirya abin da za ta faɗa a gaban mai unguwa.

Da la'asar suka kai tudun da ƙoramar ta faro. Tana yarinya ta san wurin da duhun itatuwa, marke da ƙirya da taura. Yanzu sai kututture, kwazazzabai sun tsattsaga ƙasa, duk ruwan da ya sauka sai ya kwashi laka ya gangara da ita tafki. Ga masu saran itace uku suna ɗora wa jakuna kaya. Ta buɗe baki za ta yi faɗa ke nan, sai babbansu ya gane ta, ya rusuna ya gaishe ta.

"Inna, ai wannan kayan naki ne," in ji shi. "Na gashin tukwanen ranar Laraba. Duk garin nan ba mai sayen itace kamarki."

Ta nemi kututture ta zauna. Daga baya ta tashi, ita da masuncin suka sauko gari.

Da aka taru ƙofar mai unguwa, da kanta ta fara. Ta faɗi abin da ta gani a tudu, ta ce daga ranar ta koma gashi da kara da ƙaiƙayi da kashin shanu, yadda uwarta take yi, ko da rabin tukwanen za su riƙa tsagewa. Da aka ji haka, majemi ya kasa cewa nasa kaɗan ne, manomi ma ya kasa. Gayya ta bar bakin tafki ta hau sama. Aka ɗauke juji, aka haƙa wa majema ramin zubar da ruwansu nesa da ƙorama, aka jera duwatsu a kwazazzabai, aka dasa ciyawar jema da itatuwa a gaɓa. Bazarar dai ba ta jira kowa ba. Rijiyoyi suka ƙafe, aka sha ruwan tafki da fargaba, har gari ya yi rashin mutum biyu. Jikokinta sun tashi, amma ƙaramar sai da ta kai damina kafin ƙafarta ta yi ƙwari. Tafkin kuwa bai washe ba sai bayan damina ta biyu.

To kai ma in ka ga abu ya lalace a hannunka, kada ka tsaya sharar inda ya taru. Bi shi har inda ya faro, kuma ka shirya ganin sawunka a hanya. Hausawa sun ce, ruwa ba ya tsami banza.