Kujera Ɗaya Zuwa Yamai

Ƙasan takalman depite, wato ɗan majalisa, sumul yake, bai taɓa taka turɓaya ba. Magatakardansa ya lura da haka tun suna saukowa daga mota a kasuwar Mirriya, inda aka kwana ana ruwa. Daga nan za a wuce Yamai bikin 'yancin kai. Kujera ɗaya ta rage a motar, kuma saboda ita magatakardan ya yi shekara da shekaru yana durƙuso.

Depite ya ɗaga hannu zai gaida jama'a, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin taɓo. Makaɗa suka tsaya cak.

Magatakarda bai yi wata-wata ba ya zube kusa da shi, don kada a ce maigida kaɗai ya faɗi. 'Yan rakiya suka rufa masa baya, kowa na neman inda taɓon ya fi zurfi.

Magatakarda ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin ne ba shi da kunya. Dubi, duk ya kayar da mu."

Aka ɗaga depite, aka sauya masa riga. Ya dube su, ya yamutsa fuska.

"Haka za ku shigar mini mota? Kai, mai farar riga, zo mu tafi."

Ƙanen matar magatakarda ne. Shi kaɗai ya tsaya a tsaye, don rigar ta aro ce. Magatakardan ne ya ara masa ita da safe, ya ja masa kunne kada ta ɓaci.

Makaɗa suka ci gaba. Magatakarda ya matse gefen rigarsa, ya bi ta bayan rumfar masu gyaɗa ya fice.