Ranar Da Mutuminku Ya Ajiye Zarto

Mutuminku, wato ni, ya jera zanensa goma sha biyu a bakin shagon kafinta na babansa tun da sassafe, ya kafa hula a karkace irin ta masu zane, ya harɗe hannu. A saman ƙofa ya liƙa kwali mai kalmomin Turanci biyu: Art Wins. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai ma'anarsu fasaha ta yi nasara, alhali ko taya kayan ba a yi ba.

Sharaɗin Baba ɗaya ne. In zane ko guda ya samu mai saye kafin a rufe shago, ya sallame shi daga aikin katako. In ba haka ba, gobe ya koma kan zarto, kada a ƙara jin zancen fenti.

Wata uku ya kwashe yana zanen. Firam ɗinsu kuwa a yini biyu ya haɗa da ragowar katako, yana yi yana tsaki.

Har rana ta karkata shiru kake ji. Wata mata ma tsayawa ta yi ta yaba kyanwar da ya zana, alhali zaki ne. Tsoro ya kama mutuminku.

Kwatsam sai ga wani dattijo mai tabarau. Ya ɗaga zane ɗaya, ya shafa gefensa da yatsa, ya juya bayansa ya daɗe yana dubawa. Mutuminku ya ce a ransa, ka ga masani, har baya yake karantawa!

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji dattijon.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Hannunka da kyau. Duka nake so, gobe ka kai min shago."

Zo ka ga murna! Mutuminku ya dire zarto a gaban Baba, ya rabar da gudumarsa da samfefar goge katako, ya tura wa dangi hoton kwalin ɗaya bayan ɗaya. Baba dai tari kawai ya yi.

Washegari ya kai kaya yana taku ɗai-ɗai. Dattijon ya tarbe shi da fara'a, ya ɗauko filaya ya zare ƙyallen zanen farko, ya ninke shi a hankali, ya miƙa masa.

"Riƙe abinka, ɗana. Ka yi min hamsin irin wannan firam ɗin, amma ka bar tsakiyar haka nan. Ni madubi nake sayarwa."