Sawun da Ya Shiga Bai Fita Ba

"Ku soka sanda, ku matsa gaba!" in ji ɗana Severin.

Mun jeru a kan ƙanƙarar da ta zaftaro daga dutse, muna laluben mutum. An ga sawun katakon zamiya, irin wanda muke ɗaurawa a ƙafa mu zame kan ƙanƙara, ya shiga gangaren, ba a ga inda ya fita ba.

"Wane wawa ne zai ratsa nan da tsakar rana a ƙarshen hunturu?" in ji maƙwabciyata Trudi. "Baba Kaspar, ba kai ka koya mana a sauko kafin hantsi ba?"

"Ni ne," na ce.

Rana na dukan dutsen. Ragowar ƙanƙarar tana rataye a samanmu, ta jiƙe, tana ɗiga. Kowa ya gani, ba wanda ya gusa. A garinmu ba a barin mutum a binne.

Na buɗe baki, girman kai ya rufe shi.

Sai sandar Severin ta taɓa wani abu. Suka tona. Katakon zamiya ne, wari ɗaya, da tambarin gidanmu da na ƙona a jikinsa da hannuna.

Severin ya dube shi, ya dubi ƙafar da nake ɗingisawa tun da na lallaɓa gida ta kan duwatsu ɗazu.

"Kowa ya sauka!" ya daka tsawa. "Wawan ya tsira, na san shi."

"Wane ne?" in ji Trudi.

Ya manna tambarin a ƙirjinsa don kada a gani, ya wuce.

Da ya tona min asiri, da ya fi min sauƙi.