Dattijon da Ke Bangon Hagu

Tuulikki Rautio ta ja da baya, ta sake duban hoton, ta yi murmushi. Baje kolin hotunanta na farko ke nan a birnin Tampere na ƙasar Finland. A bangon dama ta jera tsofaffin hotunan mawaƙan opera na Finland, masu wasan kwaikwayo cikin waƙa, a na hagu kuwa na mutanen Ainu na arewacin Japan. Amma duk cikinsu babu kamar wannan dattijo: gemu har ciki, ƙirji kamar ganga, riga mai ado, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran ruwa.

A kasuwar gwanjo ta tsince shi, ba suna, ba shekara. Tana ganinsa ta ce ai wannan sarkin Ainu ne. Ta sa aka buga shi a allunan talla, har a jikin motocin haya.

Ranar buɗewa zauren ya cika, ga magajin gari, ga 'yan jarida. Babbar baƙuwa ita ce Tomiko, wata tsohuwar Ainu mai ɗinkin rigunan gargajiya, da aka gayyato daga tsibirin Hokkaido na Japan. Ta bi bangon hagu a hankali tana gaishe da kowane hoto. Da ta iso kan dattijon sai ta tsaya, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"'Yata," ta ce ta bakin tafinta, "wannan ɗan wane gari ne?"

"Ai ke muke jira ki gaya mana, Iya."

"Adon rigar nan dai ba namu ba ne, kamar na labule. Amma yana da kyau. Hancinsa irin naki."

Mutane suka yi dariya. Tuulikki ma ta yi, amma ta yaƙe. Wani ɗan jarida ya fara matsowa. Ta hango aikinta yana shirin bin ruwa.

Ana cikin haka aka turo Impi, kakar Tuulikki, a keken guragu, wadda ta zo don kofi da burodin kirfa kawai. Ta ɗaga kai tana tauna, ta ƙura wa hoton ido.

"Ke Tuulikki, wa ya kai Babana wancan bangon? Mayar da shi cikin 'yan uwansa mawaƙa! Gemun nan ma na jelar doki ne, ni nake taje masa kafin ya hau dandali."